Sigarin Gayyata

Shekaru ke nan Deswita tana son Gusmardi, kuma a duk shekarun nan ba ta taɓa iya faɗin haka a gaban mutum na uku ba. Irin wannan son yana gajiyar da mutum fiye da dashen shinkafa.

A birnin Pekanbaru suka haɗu, a wani kamfanin talla da suka yi wa aiki tare. Can ta girma, shi kuwa neman abinci ya kai shi. Mahaifinta, Allah ya ji ƙansa, don tsabar son 'yarsa ya liƙa mata sunan danginsa, Tanjung, a takardun makaranta. Gusmardi ya ga sunan ya ɗauka ba dangi ɗaya suke ba, ya saki jiki, ita kuma 'yar birni ko a jikinta. Sai wata Sallah da ya je gaishe ta a ƙauye, ya tarar da uwarsa da uwarta zaune kan tabarma ɗaya a babban gidan dangi, suna kankarar kwakwa suna gulmar surukan wasu.

A wajen mutanensu dai, dangi ta uwa ake binsa, kuma 'yan dangi ɗaya ba sa auren juna. Su biyun 'yan dangin Sikumbang ne, kuma Datuak ɗinsu, wato shugaban dangi, ɗaya ne, kawunta Mamak Syahrial, wan mahaifiyarta. Ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa kaka ba, limami ma zai ce maka addini bai hana ba. Amma a ƙauyen, wa da ƙanwa ne su, magana ta ƙare.

Daga nan Gusmardi ya fito da dabararsa, wadda a lokacin Deswita ta ɗauka babu kamarta a duniya. Su ajiye aikin birni su dawo gida, su haɗa gwiwa su buɗe kamfanin ba ƙananan 'yan kasuwa shawara da tallata musu kaya. Kullum za su ga juna, babu mai zargi. Idan mutanen gari suka amfana, sunansu ya yi daɗi a baki, sai su tunkari Mamak da maganar, wataƙila zuciyarsa ta yi laushi.

Mamak kuwa da ya ji maganar kamfanin ya yi murna har da tafa hannu. Ya ba su shagon dangi da ke bakin kasuwar garin Payakumbuh, ya ce, "Da baƙo ne, wallahi ba zan bar 'yar ƙanwata ta wuni ɗaki ɗaya da shi ba. Amma kai wanta ne, Mardi. Ka kula min da ita."

Ranar da za su je wajen lauya su sa hannu a takardar kamfanin, wadda kuma ita ce ranar da Mamak ya sa a yi walimar addu'a a babban gida bayan la'asar, Etek Yurnalis mai sayar da rendang, wato naman da ake dafawa da ruwan kwakwa har ya ƙafe, ita ce ta fara cika musu shago. 'Yar dangi ce, shi ya sa suke ce mata Etek, wato inna, ita ce kwastomarsu ta farko, kuma ita ce ciwon kansu na farko.

"Ni fa har yau ban gane ba," in ji ta, tana juya sabuwar ledar da suka tsara mata. "Naman nawa ne, kwakwar tawa ce, hayaƙin da ya kashe min ido nawa ne. Ku mene ne naku?"

"Namu shawara ce, Etek," in ji Deswita.

"Shawara! Maƙwabciyata kullum tana ba ni kyauta, ban ma tambaye ta ba."

Gusmardi ya yi dariya, ya jawo mata kujera. "Maƙwabciyarki ce ta sa aka kira ki daga Batam wancan makon?"

Etek ta kawar da kai.

"Ki dinga ɗaurawa a ƙananan ledoji, wanda matafiyi zai jefa a jaka. Hoton da muka ɗauka shi zai yi ta yawo a waya. Yaranmu da ke Jakarta da Batam, duk wanda ya gani sai ya tuna murhun uwarsa, sai ya kira. Sannan don Allah, Etek, ki daina ba mutane ɗanɗano da ludayi."

"Rowa za ku koya min?"

"Mutum yana ƙoshi a tsaye ya tafi bai sayi komai ba. Jiya na ga wani ya zo da shinkafarsa a ganye."

Deswita ta so ta yi dariya, amma ko ƙarfinta ba ta da shi. Wata da watanni tana yawon kasuwa tana rarrashin tsofaffi su canza leda, su rubuta farashi, su amsa waya, sannan ta dawo ta zauna kusa da mutumin da take so tana kiransa wa da babbar murya don masu wucewa su ji.

Etek ta juyo kanta. "Ke kuma Wita, kina ta yi wa kayan mutane kwalliya. To naki ya zo. Jiya saura kaɗan ƙafata ta karye a matakalar gidan su Hendrizal, ina rungume da farantin ganyen sirih."

"Wane sirih, Etek?"

"Ji min yarinya! Na neman aure mana, tun da a nan gidan mace ne ke zuwa neman miji. Mu muka je, ni da matan gidanku, kuma sun karɓa hannu biyu. Ba ke kika ce wa uwarki a bari sai an buɗe kamfani ba? To yau ba ga shi an buɗe ba?"

Haka ne, ita ta faɗa. Duk lokacin da mahaifiyarta ta kawo maganar aurenta da Hendrizal, sai ta ce a bari a buɗe kamfani tukuna, don ta samu ta yi barci. Ba ta taɓa tunanin tsofaffi suna riƙe magana kamar yadda suke riƙe bakin zani ba.

Ta kalli Gusmardi. Shi ya sunkuyar da kai yana gyara ledojin da ba su buƙatar gyara.

Kafin ta samu bakin magana sai ga mota ta tsaya a ƙofa, sai ga Hendrizal da kansa. Shi ne mai babbar masana'antar soyayyen rogo a hanyar Bukittinggi, mata da yawa suna ci a ƙarƙashinsa. Abin haushin shi ne mutumin kirki ne. Da mugu ne da Deswita ta samu abin riƙewa. Ya shigo da tumbinsa da fara'arsa, hannuwansa cike da ledojin rogo mai yaji.

"Masu kamfani! Ina kwana, Etek? Ku ci, ku ci, na safiyar nan ne, ku ji ƙararsa." Ya zube ledojin a tebur. "Mardi, na zo in ɗora muku kaya. Duk tallan masana'antata na ba ku. Tambari, hoto, waya, komai. Ni iyakacina in soya rogo, wannan boko naku ne."

"Mun gode, Uda Hen," in ji Gusmardi, muryarsa a daidai, yana girmama shi da Uda, wato yaya.

"Wace godiya? Gida ne ai." Ya saci kallon Deswita, kunya ta kama shi kamar ƙaramin yaro, ya koma kan Gusmardi. "Kuma kada ka ji tsoro wai bayan biki zan zaunar da ita. Ni ba irin mazan nan ba ne. Mace mai ilimi ta fita ta yi aikinta. Tun da da wanta take aiki, ni me zai dame ni? Na fi kowa kwanciyar hankali a garin nan."

"Gaskiya ne," in ji Gusmardi.

"Wita, kin yi shiru. Yajin ya yi yawa?"

"A'a, Uda. Na gaji ne kawai."

"Ai dole! Mardi, ka rage mata aiki mana, kai ne babba."

Suka wuce ofishin lauya. Aka karanta musu abin da za a karanta, ta sa hannu, ya sa hannu, lauya ya yi musu murna, ya ce abin sha'awa ne a ga 'yan'uwa sun haɗa kai. Deswita ta gode masa.

A babur ɗinsa suka kama hanyar ƙauye. Ita kaɗai ce budurwa a ƙauyen da take hawa bayan saurayi babu mai ɗaga ido, tun da wanta ne. Suna tsakiyar gonakin shinkafa ruwa ya tsuge, dole suka fake a wata bukkar manoma.

"Ka sani," in ji ta.

Bai musa ba. "Mahaifiyata ta gaya min shekaranjiya cewa za su je."

"Kuma ka yi shiru. Ka bar ni na ji daga bakin Etek Yurnalis, tsakanin leda da ludayi."

"Me zan ce miki, Wita? Na kwana ina neman yadda zan faɗa ban samu ba."

"Kullum ba ka samu ba! Bari a samu shago. Bari a samu kwastoma. Bari Mamak ya ga amfaninmu. To ya gani, Uda. Ya gani har ya samo min miji." Hawayen da ta danne tun safe suka ɓalle. "Na wuce talatin. Na gaji da bari. Na gaji da kiranka wa. Duk ranar da na faɗa sai in ji kamar na tofa wa kaina yawu."

"Kina tsammani ni daɗi nake ji? Mutumin nan ya tsaya a gabana yana gode min don zan tsare masa ke."

"To ka buɗe baki mana!"

Ya zauna a kan gungumen da ke bukkar, ya dafe kai. "Kin san abin da za a yi. Ba ɓaunar da za a ce mu yanka a matsayin tara ce ta dame ni ba, ko biyu ce zan nemo. Korarmu za a yi daga ƙauye. Iyayenmu mata kuma a ajiye su gefe, babu mai zuwa bikinsu, babu mai zuwa rasuwarsu. Ke kin girma a birni, ba ki ga abin da aka yi wa yayarmu Uni Marlis da ta auri ɗan dangi ba. Ni na gani. Da uwarta ta rasu, 'yan haya aka ɗauko daga kasuwa suka ɗauki gawar, 'yan'uwanta suna leƙe ta taga."

"Allah bai haramta ba."

"Na sani."

"Ƙanin babana ya ce duk ranar da muka shirya zai ɗaura. Mu koma Pekanbaru."

"Kamfanin fa?"

"Wuta ta ci kamfanin!"

Ya ɗago ya dube ta, ta ga maganar ta soke shi. "Kada ki ce haka. Kin ga fuskar Etek ranar da aka kira ta daga Batam? Ta riƙe wayar da hannu biyu kamar jariri. Mu muka yi wannan, ni da ke. A Pekanbaru me muke yi? Muna tallata wa masu kuɗi sabulu."

Ta san gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara mata kuka ke nan. Kamfanin da suka ƙirƙira don ya zama musu mafaka, ta zo ta so shi don kansa. Tana son safiyar kasuwa, tana son gardamar tsofaffin nan, tana son ranar da mai kifi ya zo yana haki ya ce kayansa sun ƙare kafin azahar.

"Ina son aikin, Uda. Amma don kai na dawo. Idan ka bar su suka sa rana, to ka gaya min me zan dinga gani a shagon nan kullum in ban da mutumin da ya kasa faɗin sunana."

Ya sunkuyar da kai. Ruwa yana ta dukan rufin bukkar, yana tsiyayowa ta gefe yana jiƙa masa kafaɗa, bai matsa ba.

"Yau zan faɗa," in ji shi. "A gaban Mamak, a gaban kowa. Ni ma na gaji, Wita, wallahi na gaji. Amma abu ɗaya. Idan na miƙe, ki miƙe. Kada ki bar ni tsaye ni kaɗai."

"Kafin ka gama miƙewa ina tsaye."

"Kin yi alkawari?"

"Na yi."

Da suka isa babban gida mata sun cika madafa, ƙamshin kwakwa da barkono ya kai har hanya. Deswita ta haye matakala ta wuce ɗakin mahaifiyarta don ta canza jiƙaƙƙun kaya.

Mahaifiyar tata, Amak Rosmaniar, tana zaune a bakin gado, tsohuwar akwatinta a buɗe, tana ninke zannuwa tana jerawa.

"Amak, ina za ki?"

"Inda za ki."

Deswita ta tsaya da mayafi a hannu.

"Rufe ƙofar," in ji tsohuwar, ba ta ɗago ba. "Kina tsammani ban sani ba? Tun ranar Sallar nan da yaron ya shigo ya gan ni da uwarsa, fuskarsa ta koma kamar garin rogo. Ni na haife ki, Wita. Na san kalar shirunki."

"To me ya sa kika aika da sirih?"

"Mamak ɗinki ya matsa. Ni ma na so, ba zan yi miki ƙarya ba. Na ce wataƙila idan kika ga abu ya tabbata za ki haƙura. Ke kaɗai ce 'yata. Gidan nan, gonakin nan, daga kakata zuwa uwata zuwa ni, ke suke jira. Idan kika fita, an rufe shi." Ta ninke wani zani, ta shafa shi. "Amma ɗazu na ga yadda kika sauko daga babur, na ce to, yau ce."

Deswita ta durƙusa a gabanta, ta shirya wa faɗa. Duk hanya ta tanadi amsoshi, na addini, na zamani, har na rashin kunya.

"Amak, ki yafe min, amma ba zan iya..."

"Ban ce ki iya ba. Ba zan hana ki ba, 'yar nan. Na tsufa da faɗa. Na auri wanda nake so, na san daɗinsa, ba zan ce ke ba ki cancanta ba. Sai dai ba zan zauna a gidan da aka kori 'yata ba, in yi ta gaishe da mutane suna kallon sama. Tare za mu tafi."

"Amak, ke da kika yi shekaru a Pekanbaru kina kukan gidan nan? Ke kika gyara rufinsa da kuɗin gadon Baba!"

"Rufi ne, zai tsare wa wasu ruwa." Ta yi ɗan murmushi. "Ki dai nemo min ɗaki a ƙasa, gwiwoyina ba sa son bene. Uwar Mardi ce nake tausayi, ita ba ta da ƙirjin tafiya, nan za ta zauna ta shanye. Kuma ki ji, tun da muna mu biyu. Idan ta Allah ta kasance a can, kada ki wahalar da kanki wajen kawo ni. Ba za su buɗe min maƙabartar dangi ba. Duk inda kika samu wuri ki sa ni, ƙasa duk ta Allah ce."

"Ki daina, Amak! Don Allah ki daina."

"Me na yi? Tashi ki wanke fuska, mutane sun fara zuwa. Miƙo min wancan zanin."

Da faɗa tsohuwar ta yi mata, da zagi, da barazanar tsinuwa, da Deswita ta fita daga ɗakin da ƙarfinta. Amma sai ta fito kanta a sunkuye.

Bayan la'asar aka shimfiɗa abinci a tsawon zauren, maza a gefe sun harɗe ƙafa, mata a gefe. Deswita ta zauna kusa da mahaifiyarta. Can gaba kaɗan uwar Gusmardi ce, Etek Nurbaiti, 'yar siririya, tana tari a cikin mayafi. Mamak Syahrial ya zo cikin baƙaƙen kayan sarautarsa, ya yi doguwar maganar nan ta dattawa wadda sai shinkafa ta huce ake gama ta. Limami ya yi addu'a. Aka roƙa wa kamfani albarka, aka roƙa masa kwastomomi, Etek Yurnalis ta ce amin da ƙarfi har aka yi dariya.

"Farin cikinmu biyu ne yau," in ji Mamak. "Yaranmu sun je birni sun koyo ilimi, ba su tsaya yi wa baƙi bauta ba, sun dawo da shi gida. Na biyu kuma, sirih ɗinmu ya je gidan su Hendrizal, bai dawo da kunya ba."

Mata suka yi guɗa. Mamak ya sa hannu a aljihu ya fito da sabon kwalin sigari.

"Mata za su gayyaci mata da sirih, wannan nasu ne. Maza kuwa da sigari ake gayyatarsu, gida gida, teburin mai shayi zuwa teburin mai shayi, kuma aikin wan amarya ne. Wita ba ta da wa ciki ɗaya. Amma Allah ya ba ta wanda ya fi na ciki ɗaya, wanda ya riƙe ta a birni, ya riƙe ta a kasuwa." Ya miƙa kwalin. "Mardi, zo ka karɓa."

Deswita ta kalli idon kawunta, nan take ta gane. Ya sani. Wataƙila tun ranar da ya ba su shago ya sani, ya yi ta kiransu wa da ƙanwa a gaban mutane har kalmar ta zama katanga. Babu mugunta a fuskarsa, shi ma gajiya ce a kwance, irin ta mutumin da ke riƙe da gida yana tsoron ya rushe a hannunsa.

Gusmardi ya miƙe. Bai je wajen kwalin ba.

"Mamak, ina da magana."

Kowa ya zuba masa ido, har tarin Etek Nurbaiti ya tsaya. Gusmardi ya juyo ya kalli Deswita, yana nan a tsaye. Shekaru tana jiran ta ga tsayuwar nan.

Ta tattara zaninta za ta tashi. Sai ta ji motsi a gefenta. Amak ta dafa ƙasa da hannu ɗaya, ɗayan ta kama gwiwarta mai ciwo, tana cije leɓe, tana ƙoƙarin miƙewa tare da ita. A gaban dangi duka, a zauren da aka haife ta.

Deswita ta ɗora hannu a gwiwar tsohuwar, ta danne.

"Karɓi, Uda," in ji ta.

Muryar ta fito a sarari, kowa ya ji. Gusmardi ya dube ta kamar bai san yaren ba.

"Mamak yana miƙo maka. Hannunsa zai gaji. Karɓi."

"Wace magana ce, Mardi?" in ji Mamak a hankali.

Gusmardi ya juya. Ya kalli uwarsa, ya sake kallon Deswita, ita kuwa ta kafe idonta a kan farantin shinkafa.

"Ina so in tambaya ne," in ji shi, "daga wane gida zan fara."

"Daga nawa. Ga ni a gabanka."

Gusmardi ya taka ya durƙusa, ya karɓi kwalin, ya yage bakinsa. Ya zaro kara ɗaya. Ya miƙa da hannu biyu.

"Mamak, na zo gayyatarka bikin ƙanwata Deswita."

"Na karɓa. Allah ya yi maka albarka."

Aka koma kan abinci da hayaniya, Etek Yurnalis tana cika wa kowa faranti. Amak ta riƙe hannun 'yarta a ƙarƙashin mayafi tana kuka ba sauti, Deswita ba ta san ko na godiya ne ko na tausayi ba, ba ta kuma tambaya ba.

Da aka fara watsewa ta same shi a ƙasan matakala yana sa takalmi. Rana ta yi sanyi, ƙasa duk taɓo. Babu wanda ya kula su, wa da ƙanwa ne suna maganar shago.

"Kin yi alkawari," in ji shi, bai ɗago ba.

"Ta haɗa akwati, Uda. Ta ce in nemo mata ɗaki a ƙasa."

Ya tsaya da igiyar takalmi a hannu. Ya gyaɗa kai a hankali, ya ɗaure. Ta so ya yi mata ihu, ya kira ta maƙaryaciya, ya ce ta kunyata shi. Bai yi ba.

"Kamfanin fa?" in ji shi. "In kina so, gobe mu koma wajen lauya a raba. Ki riƙe shagon, ni in koma Pekanbaru. Zai fi miki sauƙi."

Ta san abin da ya kamata ta ce. Duk mai hankali ya san abin da ya kamata ta ce. Kullum da safe ta shigo daga gidan wani, ta zauna kusa da shi, su tsara hoton rogon mijinta, ta kira shi wa, wannan karon kuma babu wata rana da ake jira.

"A'a," in ji ta. "Kada a raba."

Ya rufe ido na ɗan lokaci.

"Ni ma ba na so," in ji shi.

Ya miƙe, ya gyara hula, ya bar babur ɗin a nan, tun da gayyata da ƙafa ake yin ta. Tana tsaye a matakala ya tsallaka hanya zuwa teburin mai shayi inda maza suka taru, ya yi sallama, ya sunkuya gaban na farkonsu ya buɗe kwalin.